Hannun Hagu da Fiyanon Madam

Matso nan kusa, ja tabarmar ka zauna, in ba ka labarin hannun nan. A'a, ba wannan ba, na hagun. Kana ganinsa kwance a cinyata kamar bai san komai ba, to shi ya taɓa hana gidanmu zama lafiya a Garwa.

Ni bahaguwa aka haife ni, kakata ta wajen uba ce ba ta yarda ba. Tun ina rarrafe, in na miƙa hagu cikin akushi sai ta ƙwanƙwashe shi da ludayi. Da ludayi ya kasa sai ta samo tsumma, duk lokacin cin abinci ta ɗaure hannun a jikin zanena, in ci da dama ina kuka. Tsoro take kada a ce ta reni yarinya mai miƙa wa manya abu da hannun tsarki. Ya kuwa ɗauru. Na girma, aka yi mini aure, na haihu, hannun nan yana bin na dama kamar bara, ya riƙe murfi, ya tare bakin tukunya, da an gama ya koma cikin zane ya ɓuya.

A unguwar Pumpumre muke zaune lokacin, zamanin shugaban ƙasa na farko, wanda aka haifa a garinmu. Maigidana yana da rumfar yadi a Rumde Ajiya, ya fita da safe sai magariba. Ni kuwa ba mai yawo ba ce, karatuna bai wuce na allo kaɗan ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina daga ɗaka nake sanin turmin wace mata ce ke ƙara a unguwa, in san ko fushi take ko sauri.

Sai muka yi sabuwar maƙwabciya, malamar lekol, wato makarantar boko, 'yar duwatsun wajen Mora, Kirista, 'yan mishan ne suka rene ta. Madam kowa yake ce mata. Cikin kayanta akwai wani baƙin akwati da ƙarti suka shigar suna nishi, daga baya na ji sunansa fiyano, wai wani Bature mai komawa gida ya bar mata. Kullum da la'asar sai in ji ta tana hawa tana sauka a kansa, daga ƙaramar murya zuwa babba, ta koma ta sake. Ina tsince shinkafa amma hankalina yana can, har tsakuwa ta riƙa wuce mini. Abin da ya fi damuna, akwai wata murya guda can sama mai fita a karkace kamar akuya mai mura, duk sanda ta zo kanta sai in ji haƙorana sun yi tsami.

Ran nan na kasa daurewa. Tsakanin gidajenmu akwai inda damina ta zubar da katanga aka tare da zana, nan mata ke miƙa wa juna garwashi da gishiri. Na leƙa na ce, "Madam, sannu da aiki. Abin naki akwai haƙori ɗaya mara lafiya."

Ta fito tana dariya ta ce, "Wanne, maƙwabciya?"

Na rera mata hawan da take yi, da na zo wurin sai na karkatar da muryata. Ta riƙe baki. Ta ce zafin Garwa ne ke sassauta igiyoyin, shi ya sa take ajiye kwanon ruwa a cikinsa ta ƙasa. Sannan ta ɗaga zanar ta ce, "Shigo ki nuna mini shi da yatsa."

Da maigida ya dawo na roƙe shi. Ya ce in dai ba ta titi zan bi ba, kuma ba waƙar coci za a koya mini ba, kuma tuwonsa ba zai makara ba, to in je in ga abin da zan gani. Ya ɗauka kwana biyu zan gaji.

Ranar farko Madam ba ta bari na taɓa komai ba sai da na cire awarwaro, ta ba ni reza na yanke farce har nama. Ta zaunar da ni daidai tsakiya, ta ce kada in jingina, kada in ɗaga kafaɗa kamar mai jin sanyi. Ta sa mini lemon tsami a tafin hannu ta ce in riƙe, sannan ta zare shi a hankali ta ce, "Haka hannun zai zauna, kamar lemon yana nan." Da kan yatsa ake dannawa, ba da shimfiɗaɗɗen yatsa ba. Ta ɗora mini murfin kwalba a bayan hannu, in ya faɗi to wuyan hannuna ya yi tsalle, sai mu sake. Ya faɗi har na daina sunkuyawa, na bar shi ga wata ƙaramar ɗiyarta da ke wasa kusa da mu ta riƙa tsinto mana. Yatsu ma lamba ta ba su, babban yatsa ɗaya, ƙaramin biyar. Na huɗu shi ne rago, ta ce a hannun kowa haka yake, ba ya tashi sai ya ja maƙwabcinsa.

Haƙoran nan da ake dannawa kuma suna da sunaye, do, re, mi, fa, sol, la, si, sai a koma do. Yatsu biyar, haƙora takwas, to yaya za a yi? Sai ta nuna mini yadda babban yatsa ke ratsawa ta ƙarƙashin sauran ya faɗa kan fa ba tare da an ji ɗinkin ba. Ni nawa ana ji, kamar mai ɗingishi. "Dusuma, dusuma," in ji ta, in ta ga Faransanci bai shige ni ba ta ce, "Sese-sese," da Fulatanci, mu yi dariya. Ta ce mai koyo da sauri kuskurensa yake koyo.

Takardar kiɗa ce ta gagare ni, layuka biyar da ɗige-ɗige a kai kamar tsuntsaye a kan igiyar shanya. Sai na yi dabara, in ce ta fara kaɗa mini in ji, kunnena ya ɗauke, in zuba wa takardar ido ina kaɗawa. Ta bar ni na ɗan lokaci, ran nan ta juya takardar ƙasa a sama ba ta faɗa mini ba, na kaɗa tsaf har ƙarshe ina kallon takardar. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Maƙwabciya, ke ɓarauniya ce, da kunne kike sata." Daga nan ta bar ni da kunnena. Ni kuma na gano mata wani abu da ya faranta mata rai, waƙoƙin niƙa da na ji wurin kakata duk suna zaune a kan baƙaƙen haƙoran nan kawai, ba ruwansu da farare. Ta ce muryoyi biyar ne waƙoƙinmu suke yawo a kai, nasu na dutse ma haka, na takarda ne ke da bakwai. Muka zaɓi guda ɗaya, ta ce ita za mu shirya da hannu biyu.

Nan aka zo wurin. Ta ce dama ke ɗaukar waƙa, hagu ke riƙe ƙasa, kamar mai rawa da mai ganga. Ta ce in ɗora hagu. Wallahi sai na ji kunya, kamar an ce in tuɓe ɗankwali a kasuwa. Na fito da shi daga cikin zane na ɗora, ya zauna a sandare. In na ce ya danna, sai dama ta danna. In dama ta tsaya shi ma ya tsaya. Madam ta dube shi ta dube ni ta ce, "Wa ya doke wannan?" Na ba ta labarin tsumma. Sai ta kama hannun damana ta sa shi a ƙarƙashin cinyata ta ce in zauna a kai. "Yau ita za mu ɗaure," in ji ta.

Hannu ɗaya-ɗaya muka riƙa yi, haka take koyarwa, kowanne ya san hanyarsa kafin a haɗa su. Ta koya wa hagu danna haƙora uku tare, ta ce wannan gida ne, sannan wasu ukun da suke sa kunne ya ƙagu a koma gida. In ta tsaya a kansu ba ta koma ba sai in ji kamar an ɗora mini tulu an hana ni saukewa. To ba a jima ba hannun ya tuna ko shi wane ne. Abin da dama ta yi wata tana fama, shi sai ya ɗauke a zama biyu. Ko ragon yatsan nan na huɗu a hagu ya fi na dama tashi.

Daga nan barci da zama suka ƙaurace mini. Ina wanki yatsun suna tafiya a bakin baho. Ina shayar da yaro suna tafiya a bayansa. Faifai, murfin randa, gwiwata, ba abin da suka bari. Sai na fara kama shi yana aikin da ba a aike shi ba, in duba in ga muciya a hagu, in ga ya ɗebo gishiri ya zuba. In mare shi da dama in ce ka kiyaye ni. Ana haka Madam ta gaya mini an yi mata afektasiyon, wato an canja mata wurin aiki, da an rufe lekol farkon damina za su koma kudu da fiyanon. Ga shi ko sau ɗaya ban haɗa hannu biyu ba. Abin da nake so ke nan a duniya lokacin, in kaɗa waƙar kakata da hannu biyu kafin a ɗora akwatin nan a mota.

Sai ga yayar maigidana ta zo daga Mora, Adda muke ce mata irin na Fulani. Ita ta rene shi bayan rasuwar uwarsu, maganarta a gidan ba a tsallakewa. Ta sauka da rana tsaka, zafin bazara kamar a gasa mutum, mata maƙwabta sun shigo yi mata sannu, maigida ma ya rufe rumfa ya dawo. Na ɗebo ruwan randa a kwanon sha, na durƙusa a gabanta na miƙa. Ina ta murmushi, na ga ba ta karɓa ba. Na duba. Kwanon yana hagu, dama tana can tana gyara goyo.

"Ni kike miƙo wa hannun tsarki?" in ji Adda. "Daga Mora na taso don a shayar da ni da hannun buta?"

Na juya kwanon da sauri, ruwa ya zube mata a zane. Wata maƙwabciya mai neman gyara zance ta ce, "Ai kiɗan Nasara ne take koyo, shi ya lalata mata hannu." Gara ma da ta yi shiru. Adda ta juya ga ƙanenta ta ce, "Au, rumfa kake tsaro, gida kuma ganga?" Kafin magariba maigida ya sa an ɗaure zanar nan da waya. Bai yi mini faɗa ba, ya ce kawai, "An gama."

Washegari da la'asar ina zaune, sai na ji fiyano ta bayan katanga. Waƙar kakata ce, amma hannun dama kawai Madam take kaɗawa, ta bar wurin hagu fayau. Ta kai ƙarshe ta sake, haka dai. Ka san yadda mutum yake ji in ana kiran sallama a ƙofa ba mai amsawa? Na shiga ɗaki na fito, na share inda na riga na share, na sauke tukunyar da ba ta nuna ba. Hannun yana ta motsi cikin zane, na danne shi da dama. Kullum haka take yi, ga hadari ya fara haɗuwa ta wajen kogin Binuwai yana watsewa, damina na matsowa.

Ran nan muna shanya, ni nan Madam can, ta yi magana ƙasa-ƙasa ta cikin zana. Ta ce, "Maƙwabciya, laifina ne. Na tashe shi ban koya masa shiru ba, darasin da ke gaba ke nan." Na ce shiru kuma ana koyonsa? Ta ce a kiɗa shiru ma yana da alama a takarda, yana da tsawonsa, ana ƙirga shi kamar yadda ake ƙirga sauti. Hannun da bai iya jira ba bai iya kiɗa ba. Na ce to ni yanzu ta ina zan zo, ta sama?

Da safe Adda ta ce a yi daka, ba ta cin garin inji. Muka tsaya turmi ɗaya ni da ita muna lugude, ta jefa taɓarya sama ta tafa ta cafe. Madam ta koya mini jin bugu mai nauyi da mara nauyi, sai kunnena ya kama wani abu. Duk matar da na sani nauyin dakanta daga dama yake faɗowa. Na Adda ta wancan gefen yake zuwa, kuma in ta cafe taɓarya hagu ke fara kamawa, dama ta biyo a makare kaɗan. Na saurara na sake saurara don kada in yi wa babba ƙarya. Ba kowa a tsakar gidan sai mu. Na ce, ban ɗaga kai ba, "Adda, ke da me aka ɗaure miki?"

Taɓaryar ta tsaya. Na ce a raina yau na mutu. Ta dube ni ta ce, "Da igiyar rama. Kuma ya ɗauru, ban taɓa miƙa wa kowa ruwa da shi ba."

Na ce, "Ni ma ban taɓa ba sai ranar nan." Na gaya mata abin da Madam ta ce, cewa an tashe shi ne ba a gama koya masa ba, in aka bar shi haka rabi-rabi ban san wa zai sake kunyata ni a gabansa ba, ko liman ko baƙon maigida.

Ta ce, "Daka," muka ci gaba.

Da la'asar ta yi, fiyano ya fara kiran nan nasa, sai na ga Adda ta yafa gyale. Ta ce, "Ɗauko wuƙa ki yanke wayar nan. In ga abin da ya fi ƙarfin igiyar rama." Na ce maigida fa? Ta ce, "Ni na yaye shi."

Madam ta kawo mata kujera ta ƙi, sai ta shimfiɗa mata tabarma. Adda ta kalli fiyanon ta ce, "Wannan makara ce ko akwatin aure?" Madam ta ce zauna ki ji, Dada, wato uwa da Fulatanci. Ta zaunar da ni, ta ce yau ƙirga za mu yi da baki, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Hagu zai danna a ɗaya, ya ɗaga, ya tsaya a sama bai taɓa komai ba har biyu da uku da huɗu su wuce, dama tana ta waƙarta. Ka ce abu mai sauƙi. Hannun ya ƙi, da ya ji dama na tafiya sai ya faɗa a biyu. Muka sake, ya faɗa a uku. Adda daga tabarma ta ce, "Mara kunya ne, na faɗa." Madam ta ce kada in danne shi, kada in ɓoye shi a cinya, in bar shi a sake a kan haƙoran, lemon nan yana ciki, in ƙirga masa da ƙarfi ya ji. Ta rage saurin har waƙar ta zama kamar tafiyar hawainiya. Gumi yana zuba mini a ido. Can sai na ji ya danna a ɗaya, ya tashi, ya tsaya. Biyu ta wuce, uku ta wuce, huɗu ta wuce, yana nan a farke yana jira, ɗaya na zuwa ya sauka daidai. Muka bi waƙar haka har ƙarshe, hannu biyu, da tuntuɓe a wuri ɗaya inda haƙori mai mura yake.

Ban juya ba sai na ji Adda tana rera amshin ƙasa-ƙasa, ashe su ma da waƙar nan suka yi niƙa. Ta yi gyaran murya ta ce, "Ƙishi nake ji. Ke, ba ni ruwa."

Na tashi na ɗebo a randar Madam. Na ji hagu ya motsa zai riga, na ce masa a raina biyu, uku, huɗu. Na durƙusa na miƙa da dama, hagu yana tallafe da gwiwar hannu yadda ake yi wa manya. Ta sha ta ajiye ta ce, "To." Da za mu fita ta tsaya jikin fiyanon, na ga hannunta na hagu ya fito daga gyale ya kai kusa da baƙin haƙori ɗaya, sai ta mayar da shi ta ce magariba ta kusa.

Abin da ta gaya wa ƙanenta ban ji ba, amma ba a sake ɗaure zanar ba. Na ci gaba da zuwa har ruwan farko ya sauka, aka kawo babbar mota, ƙarti suka fitar da akwatin suna nishi kamar yadda suka shigar da shi. Madam ta bar mini kwanon da take zuba masa ruwa. Tun daga ranar ban sake taɓa fiyano ba, ban kuma sake miƙa wa kowa abu da hagu ba, amma har yau in ina zaune yatsun suna tafiya a cinyata, suna dannawa a ɗaya suna jira.

Abin da ya tayar mini da zancen nan shi ne jikata, 'yar ɗana, da ta fara zama a gaban kwano. Jiya na ga ta miƙa hagu cikin tuwo, uwarta ta mayar mata da dama, ta sake miƙa hagun. Yau da safe uwar ta zo ta durƙusa ta ajiye mini tsumma a gabana ta ce, "Inna, ke ce babba, ke ya kamata ki ɗaure mata." Ga shi nan ƙarƙashin tabarmar da kake zaune, tun safe nake ɗaukarsa ina ajiyewa, kuma a unguwar nan ba fiyano, ba Madam. An kusa sauke tuwon rana. In kai ne, me za ka yi da tsumman nan?